Bazara a ƙauyen Ingila: tambayoyi da amsoshi kan bukukuwan gari da makarantar yara

Galibin mutanenmu da ke zuwa Ingila a manyan birane suke sauka, irin su Landan da Manchester da Birmingham. Sai dai a 'yan shekarun nan aikin jinya da na kula da tsofaffi ya kai wasu ƙauyukan da ko Bature ɗan birni bai san da su ba. Ni ma a ɗaya daga cikinsu nake zaune da iyalina, a gundumar Derbyshire, kuma duk shekara da watan Yuni ya kama sai wayata ta cika da tambayoyin sababbin zuwa. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Wace bazara ake nufi? Irin tamu ce?

A'a, sunan kawai muka ara. Tasu daga Yuni ce zuwa Agusta, ciyawa shar, kuma ruwa na iya sauka kowace rana ba sallama. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne tsawon yini. A ƙarshen Yuni sai bayan tara na dare rana take faɗuwa, kafin biyar na safe kuma gari ya waye tangararan. Yara kan ƙi kwanciya, su ce ai ba a yi dare ba. Sayi labule mai kauri tun da wuri.

Zafi na gaske bai cika zuwa ba, amma in ya zo ba su da shirinsa, domin yawancin gidaje da ajujuwa ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A ranar 19 ga Yuli, 2022, zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, karo na farko da aka haura 40 a tarihin awon ƙasar. Da hasashen yanayi ya nuna za a yi rana, makaranta za ta aiko da saƙo a sa wa yaro hula, a shafa masa man kare fata, a cika masa gorar ruwa.

Yaushe ake rufe makaranta, yaushe ake komawa?

Shekarar karatu tana farawa a farkon Satumba, ta ƙare a wajen mako na uku na Yuli. Zango uku ne, kowanne da hutun mako guda a tsakiyarsa, kuma a makarantun da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi kwana 190 ɗalibi yake yi a aji. Dogon hutu kimanin mako shida ne. Ranakun kan ɗan bambanta daga gunduma zuwa gunduma, har daga makaranta zuwa makaranta, saboda akwai kwanakin horar da malamai da kowacce ke zaɓa wa kanta. Kada ka yi aiki da abin da wani ɗan'uwa a wani gari ya gaya maka. Takardar makarantar ɗanka ita ce abin bi.

Na ga ƙananan tutocin ƙyalle an rataya a titi, an ce za a yi "fet". Mene ne?

Shi ne bikin shekara na ƙauye, kuma shi ne zuciyar bazarar. Kalmar daga Faransanci suka aro ta. Ana yinsa ranar Asabar da rana, a dandalin gari mai ciyawa, ko filin makaranta, ko lambun gidan limamin coci. Za ka tarar da rumfuna a jere: ta kek da biskit da matan gari suka gasa a gida, ta tsofaffin littattafai, ta shuke-shuke a tukwane, ta tarkacen da mutane suka kwaso daga ɗakunan ajiyarsu. Akwai wasan jifan kwakwa, inda ake ɗora kwakwa a kan sanduna, ka biya fam ɗaya ko makamancin haka a ba ka ƙwallayen katako, in ka kayar da ita ta zama taka. Akwai jan igiya tsakanin ƙarti, da gasar karnuka (har da kyautar karen da ya fi kowa kaɗa wutsiya, ba wasa nake ba), ga 'yan badujala a gefe suna busa. A wasu wuraren masu rawar Moris kan zo da fararen kaya, ƙararrawa ɗaure a ƙwauri, suna buga sanduna suna kaɗa hankici.

Wanda ya saba da hawan salla zai iya kallon duk wannan ya ce, shi ke nan? Ni ma haka na ce da farko. Sai daga baya na fahimci ba don kallo ake yinsa ba. Aikin gayya ne aka yi masa ado. Kuɗin da aka tara ranar su ake gyara rufin zauren taron gari da su, ko a saya wa makaranta littattafai, ko a biya motar da za ta kai yara yawon buɗe ido. Wadda ta gasa kek ɗin ita ta sayi fulawarta, ta kawo kyauta, sannan ta zagayo ta sayi na maƙwabciyarta da kuɗinta.

Gargaɗi ɗaya, wanda ni da kaina na sha kunyarsa. In an rubuta ƙarfe biyu zuwa huɗu da rabi, to haka ɗin ne. A shekararmu ta farko sai da muka yi la'asar, na sa babbar riga, uwargida ta ɗaura ɗankwali, muka kama hannun yara muka isa filin muna taƙama. Muka tarar ana naɗe tebura. Wani dattijo da ke cire turakun tanti ya dube ni sama da ƙasa, ya yaba rigar, sannan ya miƙo mini guduma. Da babbar rigar na yi ta ciro turaku har aka gama. Abin dariya, ta nan na san rabin mutanen garin.

Me ya haɗa bikin gari da makaranta?

Kuɗi da yawan yara. Gwamnati na ba makaranta kuɗi ne gwargwadon adadin ɗalibanta, bisa ƙidayar da ake yi a watan Oktoba. Makarantar ƙauye kuwa wani lokaci ɗalibanta duka ba su kai hamsin ba, sai a haɗa aji biyu ko uku a ɗaki guda, shugabar makaranta ma tana shiga aji. In iyalai biyu suka tashi daga gari, kasafin shekara mai zuwa zai ji a jikinsa. Gidaje a ƙauyuka masu kyau sun yi tsada, masu ritaya da masu sayen gidan hutu sun fi ƙarfin matasa masu ƙananan yara, don haka yaran ke raguwa. Shi ya sa in ka je neman wa 'ya'yanka uku gurbi, kada ka yi mamakin fara'ar da za a tarbe ka da ita.

Ƙauyen Kettlewell da ke tsaunukan Yorkshire misali ne mai kyau. A 1994 suka fara bikin mutum-mutumi don tara wa makarantar firamarensu kuɗi. Kowane gida ya cusa ciyawa a tsofaffin kaya ya yi mutum-mutumi irin na korar tsuntsaye a gona, ya ajiye a ƙofar gida ko kan katanga, baƙi su sayi takardar da ke nuna hanya su bi suna nema ɗaya bayan ɗaya. Har yau ana yinsa duk Agusta, mutane na zuwa daga nesa, ƙauyuka da dama kuma sun kwaikaya.

An ce a Derbyshire ana yi wa rijiya ado da furanni. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a ganina babu abin da ya kai shi kyau a duk bazarar. Ga yadda ake yi. Ana jefa manyan allunan katako a kududdufi ko rafi su kwana da yawa su sha ruwa. Sai a kwaɓa yumɓu, a tattake shi har ya yi laushi, a shafe allon da shi. A shimfiɗa takardar da aka yi zane a kanta, a bi layukan da tsinke ana hudawa. In an ɗage takardar, sai a bi sawun hujin da ƙananan abubuwa irin su 'ya'yan itace busassu ko masoro ko zaren ulu. Daga nan aikin haƙuri ya fara: ana tsinke ganyen fure ɗaya-ɗaya ana dannawa a yumɓun, daga ƙasa zuwa sama, kowanne ya ɗan hau kan na ƙasansa kamar jeren kwanon rufi, don in an yi ruwa ya gangare. Mutane da yawa kan yi kwanaki a kai, wasu har tsakar dare, a cikin rumbun wani manomi ko gareji. In an gama sai a kafa allon a bakin rijiya ko maɓuɓɓuga. Bayan kamar mako guda yumɓu ya tsattsage, furanni su bushe, a kankare a ajiye allon sai baɗi.

Tissington ne ƙauyen da ya fi suna a wannan, kuma suna yin nasu ne a ranar da Kirista ke tunawa da hawan Yesu sama, kwana arba'in bayan Ista. Mutanen garin na danganta al'adar da godiya kan tsira daga annobar 1348 zuwa 1349, wasu kuma su ce daga farin 1615 ne, lokacin da rijiyoyinsu ba su ƙafe ba. Sauran ƙauyuka kowa da makonsa, daga Mayu har Satumba.

Na Eyam (ana furta shi "Iim") a ƙarshen Agusta yake zuwa, kuma yana haɗe da wani tarihi mai nauyi. A 1665 annoba ta shigo garin a cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan. Limamin cocin, William Mompesson, tare da wanda ya gabace shi, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a su killace kansu don kada cutar ta bazu zuwa maƙwabta. Ana ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su bar kuɗin a ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan binega. Kimanin mutum 260 suka mutu. Duk Lahadin ƙarshe ta Agusta ana taron tunawa da su a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, inda suka riƙa yin ibada a fili a lokacin annobar.

A ƙauyuka da dama 'yan makaranta na da nasu ƙaramin allon. In ɗanka ya dawo gida farcensa cike da yumɓu, daga nan yake.

Ni Musulmi ne. Ina zan tsaya a cikin waɗannan abubuwa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini a ɓoye. Ni ba malami ba ne, abin da ke wurin kawai zan faɗa maka, sai ka auna.

Adon rijiya akan buɗe shi da addu'ar limamin coci, zanen kuma sau da yawa daga labaran Baibul ake ɗauko shi, ko da yake yanzu ana yin na tsuntsaye da gine-gine da abubuwan tarihi. Taron addu'ar daban yake da aikin hannun, ba wanda zai tambaye ka don me ba ka zo ba.

A filin biki abu uku ne za ka sa wa ido. Na farko tikitin sa'a, wanda suke kira raful da tambola: ka biya, a zaro lamba, ka ci kwalba ko ka tashi a tutar babu. Wanda ba ya so sai ya jefa kuɗinsa a bokitin gudummawa, ba mai jin haushi. Na biyu nama: in ka ga ana juya dabba sukutum a kan wuta, kusan kullum alade ne, haka ma tsiran-alade da ake sakawa a burodi. Na uku abin sha: akwai wani mai launin shayi da ake zuba wa yankakken kokwamba da na'ana'a da 'ya'yan itace, sunansa Pimm's. Kamar lemo yake a ido, amma giya ce. Haka saida, wadda ake yi da tuffa. Alewar yara mai danƙo ma galibi da jelatin ɗin alade ake yinta. Rumfar shayi ita ce mafakarmu: shayi da madara, da skon (wani ɗan burodi ne mai ɗan zaƙi) da aka shafa wa jam da kirim.

Makarantar garinmu ta coci ce, kuma babu wata kusa. Ya zan yi?

Haka abin yake a ƙauyuka da yawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na firamaren Ingila na Cocin Ingila ne, tarihin ya samo asali tun 1811 da cocin ya kafa ƙungiyar gina wa 'ya'yan talakawa makarantu. Amma gwamnati ke biyan kuɗinsu, kyauta ne, kuma galibi manhajar ƙasa suke koyarwa. Za a yi taron safe mai addu'a da waƙa, a je coci lokacin Kirsimeti da Ista da ƙarshen shekara. Doka ta ba iyaye ikon cire ɗansu daga taron ibada da darasin addini. Wasiƙa kawai za ka rubuta, ba sai ka kawo dalili ba. Shawarata ka fara zama da shugabar makarantar ka ji abin da ake yi a zahiri kafin ka yanke, domin a makaranta mai yara arba'in, wanda aka fitar shi kaɗai yana gani, sauran ma suna gani.

Ranar salla kuma ana ba yaro izini a hukumance, muddin ka sanar tun kafin ranar.

Waɗanne jarrabawa ake yi a zangon bazara?

'Yan aji shida na rubuta jarrabawar SATs a watan Mayu, Turanci da lissafi, sakamako ya fito a Yuli. Maki 100 shi ne mizanin da ake so yaro ya kai, a ma'aunin da ya tashi daga 80 zuwa 120. Kada hankalinka ya tashi: ba ita ke ba da gurbin sakandare ba, an riga an raba gurabe tun farkon Maris. A Yuni 'yan aji ɗaya na yin gwajin haɗa baƙi, kalma 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana don a gane ko yaro na karantawa ne ko hadda ya yi. 'Yan aji huɗu kuma gwajin jadawalin sau, tambaya 25 a kwamfuta, kowacce daƙiƙa shida.

Na manya a hutu sakamakonsu ke fitowa. Na A-level (jarrabawar da ake nemo gurbin jami'a da ita) wata Alhamis a tsakiyar Agusta, na GCSE (ta 'yan shekara 16) Alhamis ta gaba. Makin GCSE daga 9 yake saukowa zuwa 1, kuma 9 ne mafi girma. Na sha ganin iyayen da suka saba da A1 da F9 sun riƙe kai da suka ga 8 a takardar ɗansu, alhali yaron ya yi abin a yaba.

Tikitin jirgi ya fi araha a farkon Yuli. Zan iya ɗauke yara mu tafi gida kafin a rufe?

Za ka iya, amma da tara. Tun Agusta 2024 ƙa'idar ɗaya ce a duk Ingila: in yaro ya yi fashin kwana biyar ba izini a cikin mako goma na karatu, dole a duba batun tara. Fam 80 ce in an biya cikin kwana 21, in an wuce ta zama 160. Kuma kowane uba da uwa daban, kowane yaro daban, wato mai yara uku shi da matarsa fam 480 ke nan. Karo na biyu a cikin shekara uku 160 ne kai tsaye, na uku kuma yana iya kai ka kotu. Bikin ƙanwa ko ziyarar kaka ba sa cikin uzurin da ake karɓa. Rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani, wannan shugabar makaranta na da ikon dubawa.

Mene ne ranar wasanni? Dole in je?

Ba dole ba ne, amma yaro zai yi ta waige yana nemanka a cikin iyayen da suka shimfiɗa barguna a bakin fili. Tseren buhu, tseren ƙwai a cokali, gudun miƙa sanda. A ƙarshe akan kira tseren iyaye. Ka yi hattara da shi, an sha ɗaukar mutum da tsinkakkiyar jijiya.

An ce kowa ya kawo abinci taron makaranta. In kai namu?

Kai, kuma za a wawashe. Cincin da fanke da dambun nama ba sa kwana. Sharaɗi guda: gyaɗa. Makarantu da yawa sun hana shigo da ita kwata-kwata saboda akwai yaran da ɗan kaɗan ke iya toshe wa numfashi. Ƙuli-ƙuli, da tsire mai yajin ƙuli, da duk abin da aka soya da man gyaɗa, a bar su a gida. Riɗi ma yana cikin abubuwa 14 da dokarsu ta lissafa. Rubuta abin da ke cikin girkin a 'yar takarda ka manna a jikin kwanon.

Mako shida yara na gida, mu kuma muna aiki. Me ake yi da su?

A nan ƙauye yake nuna wahalarsa, domin motar haya ba ta da yawa, wasu wuraren ranar Lahadi ma babu. Ɗakunan karatu na gudanar da gasar karatun bazara, wadda aka fara a 1999, kuma ƙungiyar Reading Agency ke shirya ta: yaro ya karanta littafi shida a hutu, a ba shi lambar yabo da takardar shaida, kyauta. In garinku babu ɗakin karatu, tambayi ranar da motar littattafai take zuwa. Akwai kuma shirin gwamnati na wasanni da abinci a lokacin hutu, wanda ya game ƙasar a 2021, don yaran da ke cin abincin makaranta kyauta saboda ƙarancin kuɗin shigar iyayensu. Masu bizar da ta hana karɓar tallafin gwamnati kada su ɗauka an cire su kai tsaye: tun 2022 ana duba irin waɗannan iyalai in kuɗin shigarsu bai wuce wani ƙima ba. Ofishin makaranta zai ba ka fom.

A ina ake jin labarin duk wannan?

A wasiƙar makaranta ta ranar Juma'a, wadda ke zuwa ta imel ko ka tsince ta a cukurkuɗe a ƙasan jakar yaro. Sai 'yar mujallar gari da ake turo wa ta ƙofa duk wata, da allon sanarwa kusa da tashar mota ko shago, da zauren WhatsApp na iyayen aji. Akwai kuma majalisar ƙauye, irin wadda dokar 1894 ta kafa, zaɓaɓɓun 'yan gari ne, galibi ba albashi, kuma kowa na iya zuwa ya zauna ya saurari taronsu. A nan ake jayayya kan wurin ajiye motoci ranar biki da wanda zai yanke ciyawar fili.

Ina so in taimaka, amma ban san kowa ba.

Je wurin ƙungiyar iyaye da malamai ka ce kana da awa biyu ranar Asabar. Ba za su bar ka ka ƙarasa maganar ba, domin kullum mutum biyar ko shida ne ke ɗauke da komai, kuma sun gaji. Tsayawa a rumfa ba ya buƙatar wata takarda. In kuwa za ka riƙa shiga aji kana sauraron karatun yara a kai a kai, makaranta za ta nema maka takardar binciken DBS, wato na duba ko mutum na da tarihin aikata laifi, wadda kyauta ce ga 'yan sa-kai.

Me zan tanada kafin Satumba?

Kayan makaranta, kuma kada ka yi gaggawar sayen sababbi. A makon ƙarshe na zango ƙungiyar iyaye kan baje tebur na yunifom ɗin da yara suka girme wa, a kan kuɗi kaɗan. Rubuta sunan yaro a jikin komai, har takalmi. In zai shiga sakandare, mai yiwuwa a wani gari take: duba batun mota tun yanzu, domin ana ɗaukar yaro kyauta in makarantar da ta fi kusa da shi ta wuce mil uku, ko mil biyu ga wanda bai kai shekara takwas ba, amma a gundumomi da yawa sai ka cika fom. Da an koma da 'yan makonni kuma za a aiko maka takardar bikin girbi, a ce kowane yaro ya zo da gwangwanin wake ko ledar taliya, a tara a kai rumbun abincin mabuƙata.